Mai Ɗaukar Fansa da Mai Ba da Fansa

Karatun yau: Ibraniyawa 2:10-18 da 12:22-24
Ayar haddacewa: 2 Timoti 1:7



Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata uwa ta riƙo hannun ɗanta ta kawo shi gabana. Yaron bai wuce shekara 13 ba. Idanunsa sun yi ja, sai hamma yake yi. Ta ce, "Baba Fasto, ka taimake ni. Mako uku ke nan yaron nan ba ya barci sai da fitila a kunne. Da dare ko bayan gida ba ya iya zuwa shi kaɗai. Shekaranjiya ya farka yana ihu, wai ga wata mace tsaye a bakin ƙofa."

Na zaunar da shi kusa da ni na ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya, me kake kallo da dare?" Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baba, wasa ne kawai." Aka kawo wayar yayansa, ya buɗe ya nuna mini.

Ga abin da na gani. Dogon lungu ne mai duhu a cikin wani tsohon gida irin na ƙasar Japan, mai ƙofofin takarda da ake turawa gefe. Mai wasan yana riƙe da ƙaramar fitila. Ba shi da bindiga, ba shi da sanda. Can a ƙarshen lungun wata mace tana tsaye cikin farar riga, dogon baƙin gashi ya rufe mata fuska. Aikinka shi ne ka gudu, ka ɓuya, ka nemi mabuɗi kafin ta iske ka. In ta kama ka, fuskarta za ta cika fuskar wayar da wata irin ƙara, sai ka sake daga farko. Wannan ne abin da yaron yake yi a ƙarƙashin bargo, da iyafis a kunne, bayan kowa ya yi barci.

Irin waɗannan wasanni sun yi yawa yanzu a wayoyin hannu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a wurin yara shi ne The Mimic, wanda ake bugawa a dandalin Roblox tun 2021. Ma'anar sunan ita ce mai kwaikwayo. An raba shi littafi-littafi, kowane littafi kuma babi-babi, an kuma ɗebo labaransa daga tatsuniyoyi da almarar Japan. Littafinsa na biyu ma sunansa Kishi. Mutum yana iya bugawa shi kaɗai, ko tare da abokai ta intanet. Shiga kyauta ce, data kawai ake bukata. Wataƙila akwai irinsa a wayarka, ko a wayar ɗanka, ko ta ƙaninka. Saboda haka ya kamata ka san inda wannan mace mai farar riga ta fito, da abin da take koya wa zuciyar mai kallonta.

INDA LABARAN SUKA FITO

Masu ƙera wasa ba su ne suka ƙirƙiro ta ba. Ta girme su da ɗaruruwan shekaru. Japanawa suna kiran fatalwa yurei. A cikin fatalwoyin akwai wadda suka fi tsoro, ana ce mata onriyo, wato ruhun wanda aka zalunta ya mutu da ƙullaci a zuciya, ya dawo domin ɗaukar fansa. Farar rigar da ka gani tufar da ake sa wa mamaci ce a al'adarsu ta dā, kamar yadda ka san likkafani.

Akwai labarin Okiku, wata baiwar gida da aka damƙa wa farantai 10 masu daraja. Ɗaya ya ɓace, aka ɗora mata laifi, aka kashe ta aka jefa a rijiya. Labarin ya ce kowane dare muryarta tana fitowa daga rijiyar tana ƙidayar farantan: ɗaya, biyu, uku, har zuwa tara. Da ta kai tara ta rasa na goma sai ta fashe da kuka, gobe kuma ta sake daga ɗaya. Har yau a fadar Himeji akwai rijiyar da ake nuna wa baƙi da sunanta.

Akwai labarin Oiwa, wadda mijinta ya ci amanarta, guba ta lalata mata fuska, ta mutu cikin baƙin ciki, ta dawo tana bin sa har ya haukace. An fara nuna wannan labari a wasan kwaikwayo irin na kabuki a 1825, da sunan Yotsuya Kaidan. Har zuwa zamaninmu, 'yan wasan da za su yi shi sukan fara zuwa kabarinta ko wurin bautar da aka keɓe mata a Tokiyo su nemi izini, don gudun kada wani mugun abu ya same su. Ka lura da wannan. Waɗanda suka gaji labarin ba sa ɗaukarsa da wasa.

Abin ya kai har fadar sarki. Sugawara no Michizane malami ne kuma babban jami'in gwamnati. Abokan gaba suka yi masa ƙage, aka kore shi zuwa Dazaifu, ya mutu a can a 903. Bayan mutuwarsa masifu suka yi ta aukuwa, har a 930 aradu ta faɗa wa fadar sarki a Kiyoto ta kashe wasu fadawa. Mutane suka ce fushinsa ne. Domin a lallashe shi, aka mayar masa da muƙamansa, aka gina masa wurin bauta na Kitano a 947, aka mai da shi abin bauta. Har yau ɗalibai suna zuwa can roƙon nasara a jarrabawa.

A 1998 fim ɗin Ringu ya fito da wannan mace daga rijiya ya sa ta cikin talabijin, duniya ta san ta. Yanzu ta bar talabijin ta shiga aljihunka.

Ɗan'uwa, ban kawo maka waɗannan domin ka raina mutanen Japan ba. Mutane ne masu himma da ladabi, Almasihu kuwa ya mutu dominsu kamar yadda ya mutu dominka. Mu ma muna da namu labaran Dodo da fatalwa. A ƙarƙashin labaransu akwai wani kuka na gaskiya: an zalunci mutum, wa zai bi masa hakki? Wannan tambaya tana cikin zuciyar kowace al'umma. Amsar da labaran suka bayar ce ba ta da ceto a cikinta. A cikinsu mamaci ne yake bin hakkinsa da kansa, masu rai kuma sai gudu, ko lallashi, ko hadaya.

ME MAGANAR ALLAH TA CE GAME DA MATATTU?

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. Ibraniyawa 9:27 ya koya mana cewa mutuwar mutum sau ɗaya ce, abin da ke binta kuma shari'a ce a gaban Allah. A Luka 16 mai arzikin nan ya roƙa a aiki Li'azaru wurin 'yan'uwansa da ke duniya, ba a amsa masa ba. A Wahayin Yahaya 1:18 Yesu ya bayyana cewa mabuɗan mutuwa a hannunsa suke. Ba wanda yake fita ya shiga yadda ya ga dama. Kakarka da ta rasu ba ta yawo a tsakar gida. Wanda aka zalunta ya mutu, shari'arsa tana hannun Alƙali mai adalci, wanda ya ce a bar masa ramuwa (Romawa 12:19).

Amma mugayen ruhohi suna nan, kuma gwanaye ne wajen kwaikwayo. Manzo Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa Shaiɗan yana iya ɓad da kama har ya fito kamar mala'ikan haske (2 Korantiyawa 11:14). Wanda zai iya aron rigar mala'ika, aron fuskar mamaci ba zai yi masa wuya ba. Shi ya sa a Maimaitawar Shari'a 18 Ubangiji ya hana jama'arsa neman matattu da sha'ani da masu duba.

Ba zan ce maka akwai aljani zaune a cikin kowace waya ba. Waya ƙarfe ce da gilashi. Da ita muke karanta Maganar Allah, da ita muke gaisa da 'yan'uwa. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasannin nan an gina su da kaya biyu, tsoro da ƙullaci, kuma waɗannan su ne tsagogi biyu da maƙiyi ya fi son bi.

TSAGA TA FARI: TSORO

A zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, Japanawa suna da wani taron dare. Sukan kunna fitilu 100, su zauna suna ba da labaran fatalwa. Duk wanda ya gama labarinsa sai ya kashe fitila ɗaya. Ɗaki yana ƙara duhu, zukata suna ƙara bugawa. Sun gaskata cewa idan aka kashe ta ƙarshe wani abu zai bayyana, don haka sau da yawa sukan tsaya a labari na 99. Manya ne, a cikin taro, duk da haka suna jin tsoron fitilar ƙarshe. Yaronmu na yau shi kaɗai yake zama a cikin duhu, ya kashe fitilar ɗaki da hannunsa, ya toshe kunnuwansa da muryar abin da ke binsa.

Kai kana cewa wasa ne, amma jikinka bai san wasa ba. Idan wannan fuska ta faɗo maka ba zato, jiki yana sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta yi sauri, numfashi ya ƙaru, tafin hannu ya yi gumi. Allah ne ya sa wannan a jikinka domin ka tsere wa maciji ko gobara. Idan haɗarin ya wuce sai ka ji wani sanyi mai daɗi, wannan daɗin ne yake mayar da kai ka sake bugawa. Masu ƙera wasan sun san haka sarai. Duhun, da shirun, da takun ƙafar da kake ji a bayanka, duk an auna su. Bayan ka ajiye wayar, jiki yana nan a tsaye kamar soja, barci ya ƙi zuwa. Inda barci ya zo kuma, zuciya ta ɗauko abin da ka ciyar da ita ta dafa maka shi a mafarki. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta amince da sa jarabar wasannin kwamfuta da waya cikin jerin cututtuka, ga wanda wasa ya ƙwace masa ragamar rayuwa.

Yanzu dubi karatunmu na yau. Ibraniyawa 2:14-15 ya ce Yesu ya ɗauki jiki da jini irin namu domin ta wurin mutuwarsa ya rushe mai riƙe da ikon mutuwa, ya kuma kwance waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su dukan kwanakinsu. Maganar Allah ta kira wannan tsoro bauta. Ɗan Allah ya zub da jininsa domin ya fitar da kai daga cikinta. To, yaya za ka sayi data da kuɗin guminka ka koma kana ɗanɗana sarƙar da aka cire maka?

Ka kuma lura da abin da wasan yake horar da kai a kai. Dare bayan dare kana koyon darasi ɗaya: duhu ya fi ka ƙarfi, ba ka da makami, ka gudu ka ɓuya. Ruhu Mai Tsarki yana koya maka akasin haka. Afisawa 6 ya ba ka cikakkun makamai ya ce ka tsaya. Yakubu 4:7 ya ce idan ka miƙa kanka ga Allah ka yi tsayayya, Iblis ne zai gudu. Bulus ya tuna wa Timoti cewa kyautar da Allah ya zuba a cikinmu ta ƙunshi iko da ƙauna da kamunkai, tsoro kuwa ba ya cikin kayan. Idan ka ga tsoro ya yi masauki a zuciyarka, tambayi kanka wa ya kawo shi, ta wace ƙofa kuma ya shigo.

TSAGA TA BIYU: ƘULLACI

Wannan ta fi ta farin zurfi, kuma ta shafe ka ko da ba ka taɓa buga wasa a waya ba.

Ranar da nake zaune da yaron nan da mahaifiyarsa, na ba su labarin Okiku domin ya gane abin da yake kallo. Da na kai wurin ƙidayar farantai, sai na ga uwar ta yi shiru, idanunta sun ciko. Ta ce, "Baba, ashe ni ce mai ƙidayar." Shekara shida ke nan ba ta magana da ƙanwar mijinta. Ta ce kowane dare in ta kwanta sai ta jero abin da aka yi mata: maganar da aka faɗa ranar suna, kuɗin da ba a biya ba, gaisuwar da ba a zo ba lokacin da mahaifinta ya rasu. Ɗaya, biyu, uku. Ba ta taɓa kai wa ƙarshe ba. Gobe ta sake daga farko. Ta kawo ɗanta a yi masa addu'a saboda fatalwar cikin waya, alhali ita ma tana da rijiyarta.

Kai fa? Wa kake ƙidaya wa laifi idan dare ya yi? Mai riƙo kamar fatalwar nan yake: an cuce shi da gaske, amma ya maƙale a wurin da aka cuce shi. Shekaru suna wucewa, shi yana nan a bakin rijiya ɗaya. Farantin na goma, wato ranar da mai laifin zai zo ya durƙusa ya biya duka, wataƙila ba zai taɓa zuwa ba. Afisawa 4:26-27 ya haɗa abu biyu a wuri ɗaya: fushin da ya kwana, da wurin da ake ba Iblis. Wayar ɗanka kana iya goge ta cikin minti ɗaya. Ƙullacin zuciyarka shi ne ƙofar da ta daɗe a buɗe.

A harshenmu kalmar fansa tana da fuska biyu. Akwai ɗaukar fansa, akwai ba da fansa. Mai ɗaukar fansa yana cewa, sai jininka ya biya abin da ka yi mini. Mai ba da fansa yana cewa, ga nawa, a sake shi. Dukan labaran onriyo a kan fuska ta fari suke tsaye. Bishara tana tsaye a kan ta biyu, gama Yesu da kansa ya faɗa a Markus 10:45 cewa ya zo ne ya ba da ransa domin a fanshi mutane da yawa. Shi ya sa Ibraniyawa 12:24 ya gwada jini biyu. Jinin Habila, wanda ɗan'uwansa ya kashe, ya yi kuka daga ƙasa yana ƙarar Kayinu. Jinin Yesu ma yana magana, amma maganarsa ta fi ta Habila kyau. Yana roƙon gafara ga waɗanda suka zub da shi.

DAREN DA WANDA AKA KASHE YA DAWO

Buɗe Yahaya 20:19-23 ka dubi wannan dare da kyau. An ci amanar mutum da sumba. An yi masa shaidar zur. An yi masa bulala, an kashe shi ba da laifin komai ba. Abokansa sun watse sun bar shi, babbansu ya rantse cewa bai san shi ba. Yanzu ga su a ɗaki ɗaya da dare, sun kulle ƙofofi saboda tsoro. Ba wanda ya buɗe ƙofa, sai ga shi tsaye a tsakiyarsu, da raunukansa a hannu da kuiɓi. Luka ya gaya mana cewa sun firgita, sun zaci fatalwa ce.

Da a ce labarin Oiwa ne, ka san abin da zai biyo baya. Ba wanda zai fita daga ɗakin nan. Amma kalmar farko da ta fito daga bakin Ubangiji salama ce. Ya nuna musu raunukan domin su gane shi, har tsoronsu ya koma murna. Ya ce su taɓa shi su tabbatar yana da nama da ƙashi. Ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Ya hura musu numfashi domin su karɓi Ruhu Mai Tsarki, ya aike su da saƙon gafarar zunubai. Bitrus da ya yi musunsa sau uku, daga baya ya damƙa masa kiwon tumakinsa. Haleluya! Wanda aka fi zalunta a tarihin duniya ya dawo daga kabari da rai, abin da ya riƙo a hannunsa kuwa gafara ce.

Ƙasar Japan ma ta ga wannan da idonta. A ranar 5 ga Fabrairu 1597, bisa umarnin mai mulki Toyotomi Hideyoshi, aka gicciye Kiristoci 26 a kan wani tudu a Nagasaki. An taso da yawancinsu daga Kiyoto cikin tsananin hunturu, tafiyar kusan wata guda. A cikinsu akwai yara, ƙaraminsu ɗan shekara 12. Akwai kuma wani mai wa'azi Bajapane, Bulus Miki. Bisa ga tsohuwar almara, ga mutanen da ya kamata su zama masu ɗaukar fansa. Amma Bulus Miki ya yi wa'azinsa na ƙarshe daga kan gicciye, ya shaida wa taron cewa ya gafarta wa mai mulkin da duk masu hannu a kisansa. Labarin Japan ke nan da ba za ka same shi a wasan tsoro ba. Har yau Kiristoci a ƙasar ba su wuce kimanin mutum ɗaya cikin 100 ba. Idan za ka tuna da Japan da tsakar dare, ka tuna da ita a kan gwiwoyinka.

ABIN DA ZA KA YI

Da fari, gwada abin da ke cikin wayarka da ma'aunin Filibiyawa 4:8. Bayan ka buga shi, kana iya yin addu'a da sakakkiyar zuciya? Kana iya kashe fitila ka kwanta? Za ka iya bugawa da sanin cewa Ruhu Mai Tsarki yana zaune a cikinka yana kallo tare da kai? Idan amsar a'a ce, ka riga ka san abin yi. Masu bi a Afisa sun tara littattafan sihirinsu sun ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19). Kai ba ka bukatar ashana. Danna ka goge.

Na biyu, kada ka bar wurin fanko. Yesu ya yi gargaɗi a Matiyu 12:43-45 game da gidan da aka share aka bar shi ba kowa. Sa'ar da kake ba wasan, ka ba Ubangiji. Karanta Zabura 91 da murya kafin ka kwanta. Sa waƙar yabo a kunnen da ya saba jin ihu. Ajiye wayar nesa da gadonka.

Na uku, iyaye, rigakafi ya fi magani. Ku san abin da ke cikin wayar da yaranku suke riƙewa, har da ta yayye da ta maƙwabta. Idan kun gano, kada ku fara da bulala. Yaron da yake cikin tsoro, duka zai ƙara masa ne, kuma gobe zai ɓoye muku. Ku zauna da shi, ku sa ya nuna muku, ku bayyana masa dalili, ku ɗora masa hannu ku yi addu'a. A dā in an yi tatsuniyar Dodo, kaka tana nan kusa, yaro yana jingine da ita har a ce ƙurunƙus. Ku zama wannan kafaɗar. Idan rashin barci da firgita suka daɗe, ku kai shi wurin shugabannin ikilisiya, ku kuma ga likita. Yin haka ba rashin bangaskiya ba ne.

Na huɗu, wanda ya fi duka wuya: daina ƙidaya. Kira sunan mutumin nan a gaban Allah yau. Faɗi abin da ya yi maka filla-filla, kada ka rage, gama Ubangiji ya san ya yi maka ciwo. Sa'an nan ka miƙa shari'ar ga hannunsa. Gafara ba ta mai da mugunta ta zama daidai, ba ta kuma tilasta maka ka koma inda ake cutar da kai. Tana fitar da kai ne daga rijiya. Allah cikin Almasihu ya daina lissafa maka laifofinka (2 Korantiyawa 5:19). Wanda aka yafe wa babban bashi, bai kamata ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan ƙarami ba.

Yaron nan ya goge wasan a gabanmu, muka yi addu'a. Ba a dare ɗaya tsoron ya tafi ba. Mahaifiyarsa ta riƙa zama a bakin gadonsa suna karanta Zabura tare, har bayan kwanaki ya ce mata ta kashe fitilar. Ita kuma ta dafa abinci ta ɗauka da kanta zuwa gidan ƙanwar mijinta. Ta ce mini ƙafafunta suna rawa a bakin ƙofar, amma ta shiga. Abin da Ubangiji ya yi wa wannan gida zai yi wa naka, cikin sunan Yesu.

TAMBAYOYIN BINCIKEN KAI

Mene ne abu na ƙarshe da idona yake gani kafin in yi barci?
Wane tsoro ne na saba da shi har na ɗauka halina ne?
Wa nake ƙidaya wa laifi, tun yaushe kuma?

ADDU'A

Ya Uba na sama, na gode maka domin Yesu wanda ya ba da ransa fansa domina. Ka gafarta mini inda na buɗe idona da kunnena ga abin da ba ya ɗaukaka ka. Da jinin Yesu ina rufe kowace ƙofa da na buɗe wa tsoro. Kowane ruhun firgita da mugun mafarki, ina umartarka cikin sunan Yesu Almasihu, ka fita daga rayuwata da ɗakin 'ya'yana. Ya Ubangiji, ga wanda ya cuce ni, na sake shi a hannunka yau, ka ba ni alherin da zan tsaya a kan wannan. Ruhu Mai Tsarki, cika ni da iko da ƙauna da kamunkai. Ka tuna da mutanen Japan, ka aiko musu da masu shelar bishara, ka ƙarfafa ikilisiyarka a can. Ka ba ni barci mai daɗi a daren nan. Cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.

FURCIN BANGASKIYA

Ni fansasshe ne na Ubangiji. Tsoro ba shi da masauki a cikina. Na ajiye ƙidaya, na karɓi salama. Zan kwanta lafiya in tashi lafiya, gama mai tsarona a faɗake yake. Amin.